Saka ƙarfe a karayar idon sawu: me ake saye, kuma ya ci kuɗinsa?

A cikin ayyukan tiyatar da ake yi wa ƙafa, saka ƙarfe a karayar idon sawu yana cikin waɗanda ake yawan nema a asibitocinmu. Hatsarin babur, faɗawa kwata da dare, santsin banɗaki, ƙwallo a fili mai ramuka, su ne ke kawo mutane. Ana yin aikin a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, da Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ga kuma asibitocin kuɗi barkatai. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: aiki ne da ya ci kuɗinsa idan gaɓar ta goce, asarar kuɗi ne idan ba ta goce ba. Abin da majinyaci yake saye kuma ba ƙarfen ba ne, komawar ƙashi mazauninsa ne daidai wa daida. Ƙarfe riƙo kawai yake yi kafin ƙashi ya haɗe.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gaɓar. Akwai babban ƙashin ƙwauri, wanda bakinsa ne tudun da ake taɓawa ta ciki. Akwai siririn ƙashin da ke gefensa, wanda bakinsa ne tudun waje. Sai ƙashin talus da ke zaune a tsakaninsu, kamar yadda kafinta ke fafe katako ya zaunar da wani a ciki ba tare da ya bar masa wurin wasa ba. Duk nauyin jiki ta kan wannan ɗan ƙashin yake bi ya sauka ƙasa. Binciken da Ramsey da Hamilton suka wallafa a 1976 ya nuna cewa idan talus ya matsa gefe da milimita 1 kacal, filin da yake haɗuwa da ƙashin ƙwauri yana raguwa da kashi 42 cikin ɗari. Nauyi bai ragu ba, wurin ɗaukarsa ne ya ragu, don haka guringuntsin gaɓar sai ya dinga cinyewa. Shi ya sa mutum zai yi ɗori, ƙashi ya haɗe, ya ce ya warke, bayan wasu shekaru kuma ya kasa taka ƙafar da safe.

Daga hoto ake fara gane wurin da ya san aikinsa. Hoton idon sawu kala uku ne: na gaba, na gefe, da wanda ake juya ƙafa ciki da kamar digiri 15 zuwa 20 don a ga kewayen gaɓar sarai. Wannan na ukun shi aka fi tsallakewa, alhali a cikinsa ake auna tazarar da ke tsakanin talus da tudun ciki. Idan ta wuce milimita 4, ko ta fi tazarar da ke saman talus faɗi, to gaɓar ta goce. Likitan kirki kuma zai matsa ƙwauri har zuwa ƙasan gwiwa, domin akwai karayar da ciwonta ke idon sawu amma siririn ƙashin can sama ya karye, hoton ƙasa kaɗai ba zai nuna ta ba. Idan leɓen baya na babban ƙashin ya ɓalle, hoton siti-sikan ne ke nuna girmansa na gaskiya. Yana ƙara kuɗi, amma a irin wannan karaya ba almubazzaranci ba ne.

Likitoci suna kasa karayar siririn ƙashin kashi uku bisa tsarin Weber: A ita ce ta ƙasan layin gaɓa, B daidai layin, C kuma sama da shi. Yawancin A, da B ɗin da talus bai motsa ba, filasta ko takalmin asibiti na kamar mako 6 ya ishe su. Duk wanda aka ce a yanka shi kan irin wannan yana da damar ya ce a nuna masa gocewar a hoto. Waɗanda tiyata ta zame musu dole su ne masu karaya a tudu biyu ko uku (na ukun shi ne leɓen baya na babban ƙashin), yawancin masu C, duk wanda talus ɗinsa ya matsa, da wanda ƙashi ya huda fata. Wannan na ƙarshen ba ya jiran gobe. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya da zarar an isa, allurar tetanus, wankin ciwo a ɗakin tiyata, sau da yawa kuma ƙarfen waje ake kafawa tukuna, wato sandunan da ke riƙe ƙashi ta wajen fata, sai ciwo ya yi tsabta a shiga ciki.

Maganar lokaci ita ce ta fi jawo saɓani tsakanin dangi da likita. Fatar idon sawu siririya ce, babu tsoka a ƙarƙashinta da za ta rufe ƙarfe. Ko dai a yi aikin a ranar farko kafin kumburi ya taso, ko a jira ya sauka, abin da kan ɗauki kwana 5 zuwa 14. Alamar da ake dubawa mai sauƙi ce: a ɗan tattaro fatar da yatsu biyu, idan ta yi tamoji to ta shirya, idan tana sheƙi a miƙe to da saura. Idan bororo ya fito, musamman mai jini a ciki, ba a yanka ta kansa. Dangi su kan ɗauka ana ja musu rai ne. Amma ɗinkin da aka yi a kan kumburarriyar fata shi ne yake buɗewa a mako na biyu ƙarfe ya leƙo waje. Sai dai jiran yana da sharaɗi, kuma a nan wasu wurare ke faɗuwa: kafin a jira dole a ja ƙafar a mayar da gaɓa mazauninta, a sa rabin filasta ta baya, a sake hoto, a ɗaga ƙafar sama da ƙirji. Barin gaɓa a goce kwana da kwanaki da sunan jiran kumburi kuskure ne, don ƙashin da ke tokare da fata ta ciki yana kashe ta.

Ranar aiki ana barin abinci awa 6 kafin lokaci. Galibi allurar baya ake yi, mutum yana farke amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya kafin wuƙa ta taɓa fata, wanda aka ba bayan an gama ya makara. Ana ɗaura abin tsayar da jini a cinya, kuma ba a so ya wuce awa 2. Mai sikila ya faɗa tun a ganin farko, domin wannan ɗaurin yana buƙatar shawara ta musamman a kansa.

Da gefen waje ake farawa. Ana tsaga fata a kan siririn ƙashin, ana kaffa-kaffa da wata jijiyar ji da ke ratsowa ta gaba, wadda idan aka yanke ta fatar saman ƙafa za ta daina ji ko ta dinga zugi. A share gudan jini daga bakin karayar, a kama ɓangarorin biyu da matsi har sai tsawon ƙashin da juyinsa sun dawo yadda suke. Wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Idan siririn ƙashin ya gajarta ko da kaɗan ne, talus zai bi shi waje, kome kyawun ƙarfen da aka ɗora. Daga nan a sa sukuru mai milimita 3.5 ya ratsa karayar ya matse ta, sannan a shimfiɗa fallen ƙarfe mai ramuka 6 ko 7, a ɗaure shi da sukurori kamar uku a sama, biyu ko uku a ƙasa. Na ƙasan ba a barin su su zarce, don bayansu gaɓa ce. Tudun ciki kuma sukurori biyu masu milimita 4 ake sa masa, idan gutsuren ƙarami ne ko ƙashin ya yi taushi a ɗaure shi da siraran ƙusoshi biyu da waya.

Saura mataki ɗaya da ake yawan mantawa. Tsakanin ƙasusuwan ƙwauri biyu, dab da gaɓa, akwai jijiyoyin da suka ɗaure su tare. Bayan an gama sa ƙarfe sai likita ya saƙala ƙugiya a siririn ƙashin ya ja shi gefe yana kallon hoto. Idan ya buɗe, jijiyoyin sun tsinke, sai a mayar da shi gurbinsa a sa dogon sukuru santimita 2 zuwa 3 sama da gaɓa ya ratsa ƙasusuwan biyu, ko a sa igiya mai maɓalli a kowane gefe. Duk wannan yana buƙatar na'urar hoto ta cikin ɗakin tiyata, wadda ake kira si-am. A ganinmu tambayar da ta fi kowace amfani kafin a biya kuɗi ita ce ko akwai wannan na'ura kuma tana aiki ranar. Ƙwararren likita zai iya gyara karaya mai sauƙi da idonsa, amma mai tudu uku ko mai tsinkewar jijiyoyin tsakiya, yin ta babu hoto caca ce. Aikin duka yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu.

A kan ƙarfen kansa ana cika surutu. Iri biyu ne a kasuwa, baƙin ƙarfe mara tsatsa da taitaniyam, na biyun ya fi tsada. Ga matashi mai ƙashi mai ƙwari da karaya ta yau da kullum, na farkon yana yin aikin tsaf. Falle mai kulle, wanda kan sukuru ke ɗaurewa a jikinsa, ya cancanci ƙarin kuɗinsa ne ga tsofaffi masu ƙashi mai taushi, ko inda ƙashin ya farfashe. Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne falle da sukurori su kasance ƙarfe iri ɗaya, sababbi, kuma an dafa su yadda ya kamata. A wurare da dama ana rubuta wa dangi takarda su je su sayo da kansu. Idan haka ta kama, a sayi daidai abin da aka rubuta, kada mai shago ya ce ga makamancinsa.

Kuɗin ma a nemi a rubuta shi dalla-dalla, domin adadin da ake faɗa da baki sau da yawa na ɗakin tiyata ne kawai. Akwai kuɗin hotuna kafin aiki da bayansa, gwajin jini da na suga da na ƙoda, ƙarfe, mai ba da allurar baya, gado, magunguna, wankin ciwo, sandunan dogarawa, da gashin ƙashi. Mai inshorar lafiya ya tambaya musamman ko ƙarfe yana ciki. Mun fi jin tausayin wanda ya tattara duk abin da yake da shi ya biya tiyata, sannan ya rasa kuɗin motar dawowa ganin likita, don rabin sakamakon a makonnin baya yake.

Kafin a sallami mutum ya kamata a nuna masa hoton bayan aiki, ya kuma riƙe kwafinsa. Ba sai ya yi karatun likita ba. Ya dubi baƙin layin da ya kewaye talus a hoto na uku: faɗinsa ta ciki, ta sama da ta waje ya zama ɗaya. Idan ta ciki ta fi faɗi, ya yi magana a lokacin. Gyara a makon farko abu ne mai yiwuwa, bayan wata uku kuwa sai an sake karya ƙashi.

Mako biyun farko na fata ne: rabin filasta, ƙafa a sama, ba a jiƙa ta, alwala sai a yi shafa ko yadda malamai suka yi bayani ga mai ɗauri. Wajen kwana 14 ake cire zare. Tsarin da aka saba shi ne mako 6 ba a taka ƙafar, ko da yake yanzu likitoci da yawa suna barin wanda ƙashinsa ke da ƙwari kuma riƙon ya yi kyau ya fara takawa da wuri cikin takalmin asibiti. Wannan hukuncin wanda ya ga cikin ƙafar ne, ba na maƙwabci ba. Mai ciwon suga kuwa lissafinsa daban: mako 8 zuwa 12, wani lokaci fiye, tare da ƙarin sukurori. Dalili shi ne ƙashinsa yana jinkirin haɗewa, ciwonsa yana saurin kamuwa, kuma idan jijiyoyin jinsa sun mutu zai taka ƙafar ta wargaje bai ji zafin da zai tsayar da shi ba. Wurin da ya karɓi mai suga bai auna sugansa na wata uku ba, bai gwada jin tafin ƙafarsa da bugun jinin ƙafar ba, bai yi masa adalci ba. Mai shan taba ma ya sani hayaƙin yana matse ƙananan jijiyoyin jinin da fata da ƙashi ke dogaro da su.

Alamun da ke sa a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su yi sanyi ko su canza launi, ruwa ko wari daga ɗinki, zazzaɓi, dambubu ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya. Biyun ƙarshe alamar gudan jini ne a jijiya, abin da zaman wuri ɗaya ke kawowa, shi ya sa ake yi wa masu ƙiba, masu shan maganin tsarin iyali da waɗanda suka taɓa samunsa allurar tsinka jini.

Inda hidimar ta fi rauni a kusan ko'ina shi ne gashi. Ana cire filasta, a ce wa mutum ya je ya dinga takawa, shi ke nan. Alhali gaɓar da ta yi mako 6 a ɗaure ta sandare, dambubu ya zube. Motsin da ya fi wuyar dawowa shi ne ɗago ƙafa sama wajen ƙwauri, kuma shi ake buƙata wajen tsuguno, saukowa daga bene da tasowa daga sujada. Zaman tahiya kuma kishiyarsa yake nema, miƙe ƙafar baya. Gwaji mai sauƙi a gida: a tsaya gaban bango, a kai gwiwa ta taɓa shi ba tare da diddige ya ɗaga ba, a auna nisan babban yatsa daga bangon, a gwada da ɗaya ƙafar duk mako. A haɗa da jan tafin ƙafa da tawul, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da ɗagawa a kan yatsu. Tuƙin mota ga wanda aka yi wa ƙafar dama sai wajen mako 9. Kumburin yamma kan kai wata 6 zuwa shekara, ba alamar lalacewar aiki ba ne.

Ba za a yi wannan magana a tsallake masu ɗori ba, tunda wurinsu yawancin mutane ke fara zuwa. Suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, suna da haƙurin zama da majinyaci, kuma karayar da ba ta goce ba tana warkewa a hannunsu, kamar yadda za ta warke a filasta. Matsalar biyu ce. Hannu ba ya jin gocewar milimita 2 a cikin kumburi. Sannan karan ɗori da aka tamke a kan ƙafar da ke kan kumbura yana iya tsayar da jini, abin da ke kai wa ga yanke ƙafar da tun farko ba ta da wani babban ciwo. Mafi ƙarancin abin da za mu nema shi ne hoto kala ukun nan kafin a yanke shawarar inda za a je.

Wanda ya zo a makare, bayan wata da watanni, zaɓinsa ya ragu. Idan guringuntsi bai cinye ba, ana iya yanke siririn ƙashin a ƙara masa tsawo a mayar da talus gurbinsa. Idan ya cinye, aikin da ake da shi a nan shi ne haɗe gaɓar gaba ɗaya: a kankare sauran guringuntsin, a ɗaure talus da ƙashin ƙwauri da manyan sukurori biyu ko uku, ƙafa a tsaye daidai kusurwa, diddige ya ɗan karkata waje da kamar digiri 5. Haɗewar kan ɗauki wajen mako 12. Yana kashe ciwo sosai kuma yana jure aikin ƙarfi, manomi da lebura suna komawa aikinsu. Farashinsa shi ne tsuguno da zaman salla sun canza har abada, kuma gaɓoɓin da ke maƙwabtaka suna ɗaukar wahalar su gaji a hankali. Gaɓar roba da ƙarfe da ake sawa a Turai da Indiya tana barin motsi, amma tana sassautawa da shekaru, kuma ba mu ba matashi mai aikin ƙarfi shawarar ya yi tafiya dominta.

Sauran ayyukan da ake yi a sashe ɗaya, a gurguje. Tsinkewar agara: mutum ya ji kamar an harbe shi ta baya, idan ya kwanta rub da ciki aka matsa dambubu ƙafar ba ta motsi. Idan an gano ta a kwanakin farko, ɗauri da ƙafa a miƙe ƙasa yana ba da sakamako kusa da na ɗinki, ba tare da haɗarin ciwon fata ba. Wadda gilashi ko wayar ƙafar babur ta yanka, kamar yadda ake gani a yaran da ake goyawa a baya, dole a wanke a ɗinke. Wadda ta wuce mako 6 kuma sau da yawa sai an aro jijiyar babban yatsa. Jaririn da aka haifa da ƙafa a lanƙwashe ciki, kusan ɗaya cikin dubu, ba babbar tiyata yake buƙata ba. Hanyar da Dakta Ignacio Ponseti ya tsara a Jami'ar Iowa ta Amurka ita ce filasta duk mako sau 5 zuwa 7, ɗan tsaga agara ga mafi yawansu, filastar ƙarshe ta mako 3, sannan takalmi mai sanda awa 23 a rana na wata 3, daga nan da dare har shekara 4 ko 5. Ana yin ta a asibitocin ƙashi na Nijeriya da asibitin yara na CURE da ke Yamai, kuma mafi yawan komawar ƙafar daga ajiye takalmin nan da wuri take.

Cire ƙarfe ba dole ba ne. Idan ba ya damun mutum, zai iya zama da shi har tsufa, ba ya tsatsa a jiki kuma ba ya hana hoto. Ana cire shi ne idan kawunan sukurori suna gugar takalmi, ko ƙwayoyin cuta sun maƙale a jikinsa, kuma in ba don cuta ba, ba a taɓa shi kafin shekara guda. Dogon sukurun da ya ratsa ƙasusuwa biyu ne kaɗai ke da nasa lissafi: wasu likitoci suna cire shi wajen wata 3, wasu suna barinsa ya sassauta ko ya karye da kansa, abin da galibi ba ya cutarwa. A tambayi wanne likitan yake bi tun kafin aikin farko, don idan na cirewa ne, wannan ma shiga ɗakin tiyata ce ta biyu da kuɗinta.